Tarihin Babba Mai Gyaran Keke da Katin Ƙaninsa

Haihuwa

An haife shi a shekarar 1971 a garin kakanninsa, mahaifinsa tela, mahaifiyarsa unguwarzoma. Tagwaye ne. Ya riga ɗan'uwansa zuwa duniya da rabin sa'a, shi ya sa ake kiransa Babba, ɗayan kuma Ƙarami. Kamanninsu sun kai mahaifinsu kan zane ɗaya a kan laifin ɗaya.

Sana'a da iyali

Bayan firamare, a 1984, ya koyi gyaran keken ɗinki, ya buɗe shago a bakin kasuwa. Ƙarami kuwa ya zama direba a wani kamfani mai ba ma'aikatansa katin asibiti. Babba ya yi aure a 1996, Allah ya azurta shi da 'ya'ya biyar.

Lalura

A 2012 aka same shi da ciwon suga da hawan jini. Tun daga lokacin, da katin Ƙarami yake ganin likita, yana cewa, "Ciwo nawa, suna naka, ai ciki ɗaya muka fito." Haka takardun asibiti suka cika da cutar da mai sunan ba shi da ita.

Shekarar annoba

A 2020 annobar numfashi ta kwantar da tagwayen a mako guda. Gado ɗaya mai iskar oksijin ya rage a asibitin. Likita ya bayyana cewa waɗanda cutar ta fi kashewa su ne tsofaffi, masu ƙiba, masu suga da masu hawan jini, sannan ya buɗe takardu, ya ga suga da hawan jini a sunan Ƙarami. Ƙarami zazzaɓi ya rufe shi, ba ya gane kowa. Da aka tambayi Babba ko yana da wata cuta, sai ya ce, "Ni? Ko ciwon kai ban sani ba, likita. Ku ba wancan ragon." Aka ba Ƙarami gadon, aka sallami Babba gida.

Har yau ba a san manufarsa ba. Matarsa ta ce tsoro ya ji kada a kori ƙaninsa daga aiki. Maƙwabta sun ce ya san abin da yake yi. Likitan da aka gaya wa gaskiya daga baya ya ce ko an ba Babba gadon ba shi da tabbas zai rayu, kuma ba shi da tabbas a kan Ƙarami da an hana shi.

Rasuwa

Ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan kwana shida, yana da shekara arba'in da tara. Mutum bakwai suka yi masa salla, kowa da takunkumi, Ƙarami yana kwance bai sani ba. Allah ya jiƙansa.

Ya bar malamar makaranta, da magajin shago, da mai koyon jinya, da ɗalibi ɗaya, da auta. Dukkansu suna hannun Ƙarami tare da nasa huɗu, kuma kowanne ya yi tari sai Ƙarami ya miƙe tsaye. Katin yana nan a aljihunsa. Duk ranar da likita ya tambaye shi ko yana da wata cuta, yakan daɗe bai amsa ba.