Gizo-gizo a Hular Jinjiri

Abin da na fara gani da muka sauka daga kwalekwale a Guri shi ne gizo-gizo baƙi ƙirin a kan ɗan ƙyalle rawaya, an ɗinke shi a hular wani jinjiri. Uwarsa Bafillatana ce, tana durƙushe a bakin ruwa tana wanke ƙwaryar nono, yaron na barci a bayanta.

Na san gizon nan. Irinsa na gani a kafaɗar rigar Baba ranar da ya zo Hadejia yi mana sallama, kafin Turawa su kwashe su zuwa yaƙin Bama. Har kan nasa da ke kallon ƙasa ban manta ba. Tun tafiyar nan ba mu sake jin ɗuriyar Baba ba.

Ni fa ko a makaranta malama ta tambaye ni abu, sunkuyar da kai nake yi. Amma ranar sai na saki hannun kakata, wadda ta kawo ni hutu, na nufi matar.

"Sannu da aiki, Inna. Wannan na hular fa?"

"Laya ce, 'yar boko. Ƙanen mijina ya ba ni. Da ita ya shiga dajin Bama, harsashi bai taɓa shi ba, ya dawo da ƙafafunsa. Abin da ya kore harsashi ai ƙyanda ba za ta gagare shi ba."

Kakata ta iso tana haki. "Yau ga ikon Allah, bebiya ta yi magana! Ke da gaisuwa ma sai an roƙe ki?"

"Kaka, alamar su Baba ce," na ce, da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Matar ta ajiye ƙwaryar, ta dube ni tun daga kallabi har ƙafa. "Ubanki ma da gizon ya tafi? Ashe 'yar maza ce!" Masu wanki da masu gyaran komar kamun kifi duk suka waiwayo. Wani tsoho ya ɗaga mini hannu, ya jinjina. Ban sunkuyar da kai ba.

Ta ce rugarsu na can ƙetaren fadama, sojan kuma ya koma kiwo.

Na kama gefen zanenta. "Inna, don Allah in kin sayar da nonon ki tafi da ni wurinsa. Ina so in tambaye shi ko ya ga Babana."