Albarushin da Na Ƙara wa Surukina

Da za a ba ni damar janye abu guda daga cikin abin da hannuna ya aikata a ƙasar Turawan nan da muke zaune, ɗan albarushin da na ƙara a harsashi ashirin zan janye. Duka ƙarin bai cika cokalin shayi ba. Shi ne dalilin da ya sa a yau mijin 'yata yake karkata kai kafin ya dubi mutum.

Ni ɗan maharbi ne. Mahaifina da adaka yake farauta, kuma ban taɓa ganin ya auna albarushi a sikeli ba. Zubawa yake a bakin bindiga, ya tura sanda, ya duba yatsa nawa ta rage a waje: uku na gada, huɗu na babban nama. Idan wanda yake ƙauna ne ya kawo a ɗura masa, sai ya ɗan ƙara, ya ce gyara ne, kamar yadda mai awo ke yi wa wanda suka saba.

Shekaru na yi ina tuƙa bas ta filin jirgi. Da na ajiye aiki, zama ya gagare ni. In zauna a falo, in tashi, in leƙa gareji, in dawo. Maƙwabcina a garin Clinton, wani baƙar fata tsohon soja, shi ya gaji da ganina ina zagaye gida, ya kira ni garejinsa. A can na ga ashe mutum na iya haɗa harsashinsa da kansa: ya wanke kwanso, ya auna albarushi, ya dasa dalma, kowane ɗaya daidai da bindigar da za ta harba shi. Ba a jima ba na sayi nawa kayan na kafa a garejina. Ya fara ɗaukata gasar harbin nesa, inda allon da ake saitawa yake yadi ɗari shida, da ƙyar ido ke kama shi. Lokacin sanyi kuma mu hau duwatsun yamma neman barewa.

Yana da littafi mai nuna iyakar albarushin kowane harsashi. Kullum sai ya buga yatsa a kansa ya ce, "Alhaji, hannunka na da kyau, amma kana da gaggawa. Littafi ya fi ka sani."

Ni kuwa a raina cewa nake, ubana bai iya karatu ba, amma bai taɓa kwana babu nama ba.

Surukina injiniya ne, a garin Germantown suke zaune, aikinsa duk na kallon kwamfuta. Yaro ne mai kunya irin ta gida. Har ya samu 'ya'ya biyu bai taɓa zama kujera ɗaya da ni ba. Da ya sayi bindigar farauta ya ce zai bi mu, daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Na ce kada ya sayi harsashin kanti, ni zan haɗa masa. Na auna na farko daidai da littafi. Sai na dubi sikelin, na ga kamar rowa na yi. Wannan fa mijin 'yata ne, barewarsa ta farko. Na ɗebi kaɗan na ƙara. Haka na yi wa duka ashirin ɗin, ina jin kaina mai kyauta. Ban rubuta a jikin akwatin ba, ban gaya wa maƙwabcina ba.

Kafin a buɗe farauta muka je filin harbi don ya daidaita saiti. Rana ce mai zafi duk da kaka ta shigo, akwatin kuma ya yi awa biyu a mota, zafi kuwa ƙara wa albarushi ƙarfi yake. Ya harba na farko. Na ga yana kokawa da sakatar bindigar, sai da ya buga ta da tafin hannu ta buɗe. Duk wanda ya san wannan aiki ya san alamar harsashi ya yi wa bindiga ƙarfi ce. Ni ma na sani.

Na ce, "Injiniya, lafiya?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Lafiya lau, Baba. Sabuwa ce, shi ya sa."

Na ce, "To ci gaba, kada barewa ta ji labarin kai ɗan ofis ne."

Ya yi dariya. Gumi ya lulluɓe masa tabarau ɗin kare ido, ya ɗaga shi bisa goshi. A harbi na uku kwanson ya fashe, wuta da ɓarɓashin ƙarfe suka dawo masa a fuska. Bai yi ihu ba. Ya dafe idon dama yana salati, jini na bin tsakanin yatsunsa.

An yi masa aiki sau biyu. Makonni shida likita yana cewa a jira a gani. Ni kuwa kullum ina kan babbar hanyar Germantown, in je in dawo, wani lokaci in isa ƙofar gidan in kasa fitowa daga mota. 'Yata tana cewa ƙaddara ce, bindigar ce mara kyau, ni kuma ina gyaɗa kai. A ƙarshe idon bai dawo ba, sai haske da inuwa.

Sai bayan wata biyar na iya buɗe baki. Na sami surukina a falonsa, na zauna a ƙasa. Ya zabura zai sauko, na ce ya zauna. Na faɗa masa abin da na yi.

Ya ce, "Baba, ai na kwance ragowar sha bakwai na auna su tun da aka sallame ni."

Na ce, "Ka sani, ka yi shiru?"

Ya ce, "Tun a harbin farko na ji ba daidai ba. Amma ta yaya zan ce wa Baba harsashinsa bai yi ba?"

Ya ce ya yafe. Ita 'yata ta fi shekara tana gaishe ni a tsaye. Maƙwabcina kuwa zuwa ya yi da mota ya kwashe sikelin da sauran kayan, domin ni na roƙe shi. Garejina yanzu fili ne, kuma har gobe ina samun kaina a tsaye a tsakiyarsa ban san abin da ya kawo ni ba.

Ku da ke wannan aiki, ina roƙonku: ku tsaya inda littafi ya tsaya, ko don wa kuke ɗurawa. Idan kuna son yi wa mutum gyara, ku ƙara masa nama. Ku kuma yara, idan sakata ta ƙi buɗewa, ku ajiye bindigar ku faɗa, ko da wanda ya haɗa harsashin uban matarku ne yana tsaye a bayanku.