Gwaggo da Ɗan Zinariya

Duk wanda ya san gonakin dabinon da ke bayan Harra ta Gabas a Madina ya san Haladu Mai Zarto, ko bai san fuskarsa ba ya san ƙarar injinsa. Mutumin Tasawa ne, gajere, kakkaura, da ɗan furfura a gemu, kuma kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya. Tun yana saurayi ya bi masu yankan katako zuwa dazuzzukan kudancin Najeriya, can ya koyi riƙe injin zarto. Daga baya takardar aikin gona ta kawo shi Madina, a ƙarƙashin gidan wata dattijuwa mai asalin Hausa, Hajiya Ummu Osman, yau shekara ashirin da huɗu ke nan.

Abin da Haladu ya fara lura da shi a Madina shi ne dabino ba ya ƙaunar inji. Cikinsa zare-zare ne mai jiƙe, ruwansa kuma yana cin ƙarfe. In aka yanka dabino aka jingine injin ba wanki, kafin wata uku cikinsa ya ruɓe. Masu gonaki ba su da wannan haƙurin, sai su jefar su sayo sabo. Haladu kuwa zuciyarsa ba ta iya ganin inji a juji. Ya ɗauki na farko, ya ɗauki na biyu, kafin ka ce me ma'aikatan gonakin maƙwabta sun gane, kowa ya tsinci mataccen inji sai ya ce a kai wa Haladu.

A ƙarshen gonar akwai wani tsohon ɗakin ajiyar taki da ba a amfani da shi, nan ya mayar asibitinsa. Injuna ashirin da uku ya tara, goma sha shida a cikinsu ya tashe su da hannunsa. Kowanne sai ya tsiyaye masa fetur ƙaf, ya cire sarƙar ya jiƙa ta a gwangwanin madara mai cike da mai, ya naɗe injin da tsohon haramin da alhazai suka bari, sannan ya rataye shi a bango nesa da ƙasa. Ranar Juma'a da hantsi yakan sauke biyu ko uku, ya wasa haƙoransu da magagari, ya tashe su su yi ɗan kuka, ya mayar. Mutumin da rigarsa ke yini da taɓo, amma ka taɓa masa inji da hannu mai ƙura ka ga tashin hankali.

Babbar cikinsu ita ce Gwaggo. Abokinsa Idrisa, makanike a Yanbu, shi ya tsinto ta a cikin tarkacen ƙarfe ya aiko masa. Ta girmi Haladu, ga nauyin tsiya, ga dogon harshe kusan tsawon hannun mutum, sunan kamfaninta ma ya goge. Shekara uku ya yi yana jinyarta, Idrisa na ƙera masa abin da ba a samu a kasuwa. Ya sa mata Gwaggo ne saboda ba ta tashi sai an lallashe ta, in ta tashi kuma unguwa duk sai ta ji.

Ana nan sai Osman, ɗan Hajiya, ya dawo daga aiki a Riyad ya karɓi ragamar gonar. Ba mugu ba ne, mutum ne dai mai son ganin wuri fes. Yana jin Hausa sarai, amma tun yana yaro ba ya mayar da amsa sai da Larabci. Ya leƙa ɗakin, ya ga jerin farare a bango, ya ja baya.

"Ya ammi, esh haza?" Wato, baffa, mene ne wannan? Ya ɗaga harami guda ya ga inji. Da Larabci ya ci gaba, ya ce nan zai gina wurin hutawar baƙi, a kwashe wannan tarkace kafin ƙarshen wata, mai sayen tsohon ƙarfe zai zo da mota.

"Osman, waɗanga ba tarkace ba ne, mafi yawansu suna aiki."

"Khalas, ya ammi. Ƙarshen wata," in ji Osman, wato magana ta ƙare.

Haladu bai da inda zai kai su. Ɗakin kwanansa su huɗu ne a ciki, ko akwati da ƙyar yake samun wuri. Ranar ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ajiyar, abinci ma bai iya ci ba. Ya ji zafin abin ƙwarai, har ya rasa wanda zai gaya wa.

Saura kwana tara wa'adin ya cika aka gano susa ta shiga gonar. Susa ƙwaro ne da tsutsarsa ke cin dabino daga ciki, kuma bishiyar da ta ci da yawa sai dai a sare ta a halaka. Ma'aikatan duba gona suka zo suka shafa jan fenti a bishiyoyi biyar. Ta biyar ita ce Zinariya.

Zinariya ba ta da irinta a duniya. Mahaifiyar Hajiya ce, wadda ta zo daga ƙasar Kano a ƙafa, ta binne ƙwallon dabino a wurin da tsufanta, kuma dabinon da ya fito daga ƙwallo ba ya kama da kowa. Sunan tsohuwar aka sa wa bishiyar. 'Ya'yan da bishiyar ta fitar a gindinta tun da can duk an dasa sun mutu. Abin da ya rage shi ne ɗa guda da ya fito a jikinta sama da tsayin mutum, irin wanda manoman Madina ke kira rakub.

Da aka gaya wa Hajiya, sai ta sa aka kawo ta gonar a keken guragu. Ta daɗe tana kallon jan fentin, hawaye na bin fuskarta. Osman ya ce ya tambayi masu sara, sun ce rakub ɗin bai yi saiwar kirki ba, in an ɓamɓare shi mutuwa zai yi.

Haladu ya matso ya durƙusa. "Hajiya, in kin yarda, ba ɓamɓare shi za a yi ba. A yanke shi da guntun uwa tai, sama da ƙasa, a dasa su tare. Shina shan ruwan jikinta har shi yi saiwa."

"To me ya hana masu saran, Malam Haladu?"

"Injinsu sabo ne, Hajiya. Gudu gare shi, zare na shaƙe shi, kuma shina feshin baƙin mai da kainai cikin yankan. Man nan in ya shiga, ɗan ya mutu. Ni ina da wadda ba ta ba da mai sai na danna mata."

Osman ya yi 'yar dariya, ya ce ai ya san zancen zai zo kan tarkacen nan. Haladu ya juya ya dube shi. "In ɗan ya mutu, ni da hannuna zan loda su mota. In ya yi rai, ka bar mani ɗakina." Hajiya ba ta jira amsar ɗanta ba, ta ce ta yarda, a dakatar da rushe ɗakin.

Washegari da sassafe Haladu ya kwance wa Gwaggo haraminta. Ya wanke tankin manta tas, ya cika shi da man girki daga kicin ɗin Hajiya. Kafin ya taɓa igiya sai ya kafa tsani, ya manna kunnensa mai lafiya a jikin Zinariya, yana hawa a hankali. Tsutsar susa in tana ci ana jin ƙas-ƙas ɗinta a ciki. Taƙi uku sama da rakub ya fara jin ta. Ya sauko taƙi biyu, ya saurara ya ji shiru, ya ja layi da gawayi.

Masu sara suka sauke kan bishiyar da sabon injinsu, suka bar masa kututturen. Haladu ya hau dakalin katakon da aka kafa, ya ja igiyar Gwaggo. Shiru. Ya sake ja, ta yi tari ta mutu. Ya ja na uku, na huɗu, na biyar, zufa ta jiƙa masa riga, masu sara suka fara ƙus-ƙus. Ya sunkuya ya ce mata, "Haba Gwaggo, ba yau ba." Ya ɗan murɗa wani ƙusa, ya yi bismilla ya fizga. Ta tashi da wata irin ƙara da ta kori tantabaru daga gonaki uku.

Ya ɗora harshenta a kan layin gawayin. Ba ta gudu, ba ta kuma tsayawa, haƙoranta manya suna fitar da zaren dunƙule-dunƙule. Jifa-jifa yakan danna mata mai da babban yatsa, ɗigo kaɗan. Da guntun sama ya faɗi kowa ya matso ya leƙa. Fari sol, ba rami ko ɗaya. Mai duba gonar ya tsattsaga wurin da wuƙa, ya gyaɗa kai ya ce wannan ɓangaren lafiya lau. Haladu ya yanka ƙasa, aka sauke guntun da igiyoyi, ɗan na manne da shi. Suka shafe yankan da toka da magani, suka dasa kusa da rijiya, suka lulluɓe da buhu. Ko hutawa bai yi ba sai da ya warware Gwaggo ya wanke ta ciki da waje.

Daga nan sai jira. Ganyen waje suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Wata guda ya wuce, na biyu ya wuce, Haladu na ba shi ruwa safe da yamma, yana ɗaga buhun yana leƙawa. Ya riga ya fara tunanin wanda zai roƙa ya ɓoye masa ko Gwaggo kaɗai.

Wata safiya a wata na uku yana cikin ɗakin yana wasa sarƙa, sai ya ji gudu. Osman ne, farar rigarsa duk taɓo har gwiwa, ashe shi ma kullum yana zuwa leƙawa a ɓoye. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, ya buɗe baki, kuma abin da ya fito Hausa ce, karyayya amma Hausa.

"Baba Haladu, ya yi rai. Ɗan Zinariya ya yi rai."

Haladu ya jefar da magagarin ya bi shi. A tsakiyar busassun ganyen ga sabon toho nan kore shar, tsawon yatsa. Ya durƙusa ya yi sujada a cikin taɓon, ya ɗago yana dariya yana kuka, bai ji kunyar kowa ba.

An gina wurin hutawar a can wajen ƙofar gona. Ɗakin Haladu kuwa Osman ya sa aka yi masa sabon rufi da kantoci. Ranar da aka gama, ya buɗe bayan motarsa ya ciro wani tsohon inji da tsatsa ta cinye, wanda ya tsinto a gonar abokinsa, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, wannan zai tashi?"

Haladu ya juya shi, ya ja igiyar a hankali ya saurara. "Shina tashi," ya ce. "Ɗauko mani harami."