Aljihun Hagu na Vendel

Vendel tsohon direban jirgin ƙasa ne, kuma kaf ƙauyen nan namu na Orava an san ba ya yar da kwanson harsashi. In an tashi daga farauta kowa na neman kofin giya, shi yana duƙe yana tsintar tagulla cikin ciyawa. Ya kai gida ya wanke, ya sake ɗura albarushi, ya dasa sabon kai. Matarsa Zlatica takan ce da ana sake ɗura mutum, da tuni ya ɗura ta ta koma budurwa.

Hannunsa na da kyau, wannan kam ba musu. Sai dai kwanso ma yana tsufa. Leɓen gindinsa, inda ƙugiyar bindiga ke kamawa ta fizgo shi bayan harbi, yakan ɓantare. Mai hankali jefarwa yake yi. Vendel kuwa sai ya ɗauko magagari ya goge wurin sumul, leɓen ya ƙara sirancewa. Ya san irin waɗannan kan maƙale, shi ya sa ya ware su don harbin gwaji, suna aljihun hagu na rigar farautarsa, lafiyayyu suna dama. Bai taɓa gaya wa kowa ba, wai kada a ce gwani irinsa yana faci.

Ranar farautar aladen daji, Ignac ƙanin Zlatica ya manto harsasansa a gida. Bindigarsu iri ɗaya ce.

"Mijin yaya, sam min 'yan kaɗan mana, ko sai na durƙusa?"

"Kai dai cokali ne kawai ba ka mantawa," in ji Vendel, yana fama da igiyar kare. "Rigata na mota, je ka ɗiba."

Sai da kowa ya kama matsayinsa a bakin kurmi, masu koro aladu suka fara ihu, sannan sanyi ya sa Vendel zura hannu a aljihun rigar, wadda ya ɗauko daga mota ya saka. Na dama cike. Na hagu wayam.

Na facin nan Ignac ya kwasa. Ya buɗe baki zai ƙwala kira ke nan, harbi ya tashi daga wajen Ignac. Ya tsaya yana jiran na biyu, don alade mai rauni ba ya gudu, kanka yake yowa. Na biyun bai zo ba. Sai haushin karnuka, sai wani ihu da bai taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba.

Ya tarar da Ignac kwance, hauren alade ya farke masa cinya, jini na tsartuwa. Bindiga na gefe, sakatarta a buɗe, kwanso ya maƙale daram a ciki. Vendel ya zare ɗamararsa ya ɗaure cinyar, bai san ko za a kai Ignac asibiti da rai ba.

"Na ja, na ja, ya ƙi fita," Ignac ya ce da ƙyar. "Bindigar nan tawa ce ta tsufa, mijin yaya. Da ma kai na bai wa ka duba min ita."

Vendel ya ƙara matse ɗamarar, ya kasa ɗago kai ya dube shi.