Bindigar da ba ta dukan kafaɗa

Ni wawa ne tun ina yaro, sai dai wautata ba ta yi babbar ɓarna ba sai da ta hau jirgin sama. Aji biyu na yi a boko, malamin ya ce in je gida in huta, shi ma ya huta.

Mu jikokin maharba ne. Kakarmu Iya Dije ita ke narka darma tana zuba wa kakanmu harsashi, shi ya sa hannunta duk tabon ƙuna. Bayan isha takan hura wuta a tsakar gida, ta binne dankali a toka, mu kewaye ta. Yayana Garba gabanta yake zama, baki sake. Ni kuwa gefen toka, da ɗan tsinke a hannu. Ba ta farawa da ga ta nan ga ta nanku, wai wannan na maƙaryata ne.

Akwai labarin da ta fi so. Wani maharbi ne ɓauna ta addabi gonarsa, ya je wurin maƙeri neman bindiga. Maƙeri ya nuna masa biyu: ɗaya mai faɗin baki, nauyi kamar taɓarya, mai dukan kafaɗa, ɗaya siririya, an yi mata ado da jan ƙarfe. Maharbin ya ɗauki siririyar don 'yan mata su gani ranar kasuwa. Ya sami ɓauna ya harba, harsashi ya shiga fata ya tsaya. Maharbin ya haye bishiya ya tsira. Ɓauna ta yi kwana uku tana yawo da ƙudaje a rauni. Rana ta huɗu ta shigo gari, ta tarar da uwarsa a bakin rijiya.

A nan Iya takan tsaya ta yi dariya, ta nuna da hannu yadda aka kwashe tsohuwar a zane biyu. "Bindiga mai harsashi ɗaya ba ta san 'bari in sake' ba," in ji ta. "Ku tambayi naman tukuna, sannan ku zaɓi bakin bindiga." Garba yakan yi kuka. Ni kuwa lokacin nake cinye rabonsa na dankali.

A shekarun da kuɗin mai ya haukata mutane, wani Alhaji ɗan kwangila ya kawo ni Landan in riƙa tuƙa masa tuwo, don cikinsa bai yarda da abincin Turawa ba. Sai ga wasiƙar Garba: wani ƙaton gadu ya gama da rogon ƙauye, bindigar kakanmu kuma ta tsage. In roƙi Alhaji a sayo masa mai harbi ɗaya, amma mai babban harsashi. Sau biyu ya sa aka rubuta "babban".

Alhaji ya yi takardu, ya haɗa ni da wani likita ɗan Zariya da muke Juma'a tare a masallacin Regent's Park, ya yi mini tafinta. Muka je shagon bindigogi, mai shagon ya ce kowace bindiga da harsashin da aka huda ta dominsa, ba ta cin na wata. Ya tambaya me za a harba, likita ya faɗa masa. Ya ɗauko wata baƙa, harsashinta kamar babban yatsana, ya kai mu filinsu na gwaji a bayan gari.

Na ja kunamar bindigar. Sai na tsinci kaina zaune a ciyawa, hulata can gefe. Wata Baturiya mai riƙe da kare ta yi dariya har tana share ido. Na ce a kawo wata siririya mai zanen fure da na hango. Na harba, ko motsi ban yi ba.

"Malam Audu, ya ce wannan fa ta zomo ce da dila," in ji likita.

"Likita, allura ka sani. Mu cikin albarushi aka haife mu."

Na sa aka sayi siririyar aka aika gida, aka rubuta wa Garba cewa harsashin Turawa ƙarami ne amma ya fi dafi. Ya yarda, tunda ni ne na ga Landan.

Ya sami gadun daidai kafaɗa, yadda aka koya masa. Karensa ya fara shiga tsakani, gadu ya farke masa ciki. Kafin Garba ya buɗe bindigar ya sa na biyu, haure ya shiga cinyarsa. A asibiti suka yanke ƙafar daga sama. Gadun kuwa ya ƙara damina biyu yana cin rogo.

Na daɗe ina ɗaukar labarin Iya abin tsorata yara. Sai da furfura ta fito na gane abin da ke ba ta dariya: wanda ya yi zaɓen ba shi ake kwashewa ba. Shi yana kan bishiya. Tawa bishiyar har da lantarki da ruwan zafi.

Da na koma gida Iya ta riga ta rasu. Na tarar da Garba a bakin wuta, 'ya'yansa sun kewaye shi, bindigar mai fure ta zama sandar dogarawarsa. Bai yi mini faɗa ba. Ya tono dankali a toka, ya hure, ya miƙo mini, ya ce:

"Ci, Audu. Ai da ma kai don shi kake zuwa bakin wuta."