Buhun Ƙurar da Bai Shiga Ƙirjina Ba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina riƙe da wannan labari, ko ƴaƴana ba su san shi duka ba. Jiya wata ta rubuta a nan cewa mijinta kafinta ne kuma tari ya ƙi barin ta. Shi ya sa yau na buɗe baki.

Wata Talata ce da hantsi, a Gure, cikin shekarun casa'in, ina da wata tara da aure. Ina zaune ina karatu sai tari ya turnuƙe ni. Na nemi numfashi na rasa. Ga iska ko'ina, amma ta ƙi shiga.

Maigidana kafinta ne, a zauren gidanmu yake aiki. Ni kuwa littattafan soyayya ne abincina. Kullum nakan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar zauren ta ciki, littafi a hannu, ina satar kallonsa. Akwai wata ƴar huda a rufin da rana ke shigowa ta ciki, garin katako yana yawo a hasken kamar zinariya. Wallahi ina son wannan abin.

Yana da injin zuƙar ƙura da ya sayo na hannu daga Damagaram, mai dogon tiyo da buhu a baya. Na sa masa suna Raƙumi saboda kukansa. In ya tashi, ko layi ɗaya ba na iya karantawa.

"Malam, don Allah kashe Raƙuminka, an zo wajen daɗi."

Sai ya yi dariya ya ce, "Amarya ta yi magana." Ya kashe, ya ci gaba da yankan jan katako, shi da rawaninsa a hanci, ni fuska a buɗe. Haka muka yi watanni.

Bayan wannan Talatar tarin bai sake ni ba. Ƙirjina yana fito kamar usur. Na rame. Unguwa ta ce tarin fuka ne, aka ware mini kwano da moɗa. Wannan ya fi ciwon zafi.

A asibitin Gure majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya yi mini allura, ya tura mu Damagaram. Kwana goma sha ɗaya na yi a gado. Sau uku ana ɗaukar majinata da sassafe a ɗan kwalba, aka yi hoton ƙirji. Awakina biyu na gara suka tafi a magani. Matar da ke gadon kusa da ni ta rasu ina kallo, na ce nima tawa ta zo.

Likita ya ce babu tarin fuka. Ya ɗaga hoton a taga, ya daɗe yana dubawa.

"Madam, surfe kike yi ko sussuka?"

"Karatu nake yi."

"A ina?"

Da na faɗa masa, ya juya ga maigida. "Ba ka da abin jan ƙura?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Akwai. Yana damun ta ne."

Likita ya ce asma ce, ƙurar katako ta tayar da ita. "Ko ta rabu da ƙurar, ko wata rana ba za ku iso nan da ita ba."

Inna ta zo daga Kelle tana jinyata. Nan take ta yanke nata hukuncin: "Da ni za ta tafi. Ban aurar da ƴata ga zarto ba." Malam bai yi musu ba. Ya ce kawai, "Inna, a ba ni mako ɗaya."

Muka dawo Gure na sauka gidan gwaggona. A makon nan ya toshe ƙofar zauren ta ciki da laka, ya fasa wa gidan wata ƙofa ta gefe. Ya gina wa Raƙumi ɗan ɗakin ƙasa mai kauri a waje, ya huda bango ya zuro tiyo har bakin zarto. Ya ɗinke inda buhun ya yage, ya sake bel.

Ranar da ya kira mu, na tsaya daga nesa da gyale a hanci. Ya tada inji. Kukan nan da na tsana ya koma gunji can ƙasa-ƙasa, har ina jin kurciya a kan bishiyar bedi. Ya sa katako a zarto, na ga gari yana tashi yana lanƙwasa da kansa yana shigewa tiyo, kamar an kira shi da suna. Na ɗaga kai wajen hudar rufi. Haske tsantsa, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki.

Da la'asar ya kwance buhun can bayan gida, ya juye ƙurar aikin wuni ɗaya. Tudu guda, laushi kamar garin alkama. Inna ta riƙe haɓa. "La ilaha! Duk wannan cikin mutum yake shiga?"

Na sa hannu a ƙirjina, ina mamakin Ubangijin da ya yi wannan ɗan wuri ya ɗauki wannan duka, kuma ya bar ni da rai.

Sauƙi bai zo rana ɗaya ba. Sai da na kusan shekara da abin shaƙa a lalita.

Na gode wa Allah, na gode wa likitan da ya tambayi inda nake zama, da Inna, da gwaggona da ta ci da ni kwano ɗaya lokacin da kowa ke gudu.

Ƴar uwa mai tari, ki je a gwada ki, kar ki bari unguwa ta sa wa ciwonki suna. Ki faɗa wa likita sana'ar mijinki. In akwai injin ƙura a kunna shi kafin zarto, a riƙa kakkaɓe buhun, don in ya toshe kuka kawai yake yi ba ya zuƙa. Kar ki share garin katako a bushe, ki yayyafa ruwa.

A yammacin ranar da aka juye buhun nan, Inna ta riga ta ɗaure kayana, motar Kelle da safe take tashi. Ta dube ni ta ce, "To, ke fa?"

Na ce, "Inna, ki gaida gida. Ni na zauna."