Rakiyar da na hana abokina

Shekarun baya, ina aji biyu a jami'a, ɗaki ɗaya muke zaune da wani abokina. Unguwarmu ɗaya a Garwa, shagon babansa na kallon na babana a kasuwa, su atamfa, mu takalma. Shi ne na farko a gidansu da ya kai jami'a, burinsa ya zama malamin lissafi. Ranar da za mu tafi, har tasha mahaifiyarsa ta rako mu, ta kama hannuna ta ce, "Ga ɗan'uwanka nan, amana." Na ce, "Inna, kada ki damu." Ni da ko wankin rigata ban iya ba, wai ni aka ba amanar mutum!

A lokacin ni kaɗai ke da wayar hannu a cikinmu, wata tsohuwa da na gada wurin yayana. Duk Juma'a bayan masallaci Inna takan kira ta lambata don ta ji muryar ɗanta.

Wajen tsakiyar shekara abokina ya fara canzawa. Mutumin da ke tashina da safe ya daina zuwa aji. Mu 'yan Garwa kwano ɗaya muke ci, sai ya yi loma biyu ya janye hannu. Kilishin da Inna ta aiko ta mota ko kwance shi bai yi ba. Yini yake kwance, fuskarsa na kallon bango. In ta kira sai ya girgiza min kai, ni kuma na fita waje na ce, "Lafiya lau, Inna, yana wurin karatu." A ganina rufin asiri nake yi. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba a tayar wa uwa hankali daga nesa, ba a kuma fitar da abin cikin gida.

Wata rana wata likita ta shigo mana amfi, babban ɗakin darasi, ta yi bayani da Faransanci, harshen karatunmu, a kan ciwon damuwa. Ta ce cuta ce kamar kowace cuta, tana da magani, kuma duk Laraba tana zama a wani ɗaki kusa da wurin cin abincin ɗalibai. Mu 'yan bencin baya muka yi ta dariya. Ni ne ma mai bakin cewa, "Yau an kawo mana likitar mahaukata!" Takardar da ta raba mana kuwa, ƙosai na naɗe da ita na kai wa abokina ɗaki.

Washegari na tarar ya shimfiɗa takardar a kan gwiwarsa, duk ta sha mai, yana karantawa.

"Mutumina," in ji shi, "duk abin da aka rubuta a nan, ni ne. Don Allah ka raka ni ranar Laraba."

Na ce, "Kai! Ka san inda ɗakin yake? Gaban layin abinci fa. Kafin ka fito labari ya riga mota isa Garwa. A ce ɗan Alhaji ya taɓu? Da wane ido babanka zai zauna a shago? Tashi ka yi wanka, ka yawaita addu'a, gajiya ce kawai."

Ya dube ni, ya ninke takardar, ya ce, "To."

Wallahi har yau ina jin wannan "to" ɗin a kunnena.

Ranar jarrabawa ya sa kaya, ya ɗauki biro, ya zauna a bakin katifa. Na yi lallashi, na yi faɗa, ya kasa ƙetare ƙofa. Bayan mako guda ni na riƙo shi a mota har Garwa. Da Inna ta ga yadda ya rame, ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Juyowa kawai ta yi ta ce, "Ɗana, Juma'a nawa kana ce min lafiya lau?" Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Shekara biyu ya yi a gida, an yi rubutu, an yi hayaƙi, kafin wani kawunsa ya kai shi asibiti. Abin da likitan can ya faɗa shi ne abin da ke cikin takardar ƙosai. Ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, har ya yi aure. Amma makaranta ta wuce shi. Yanzu yana shagon babansa yana auna atamfa.

Na daɗe kafin na iya neman gafararsa. Muna zaune a shagon, ya yi murmushi ya ce, "Na yafe tuntuni. Amma ka sani, ni ban ce ka warkar da ni ba. Rakiya kawai na roƙa."

Yau ina cikin masu zagayawa jami'o'i muna yi wa ɗalibai bayani a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Duk inda na shiga, bencin baya nake fara duba, don na san irina na can suna dariya. Nakan ce musu ba da marar lafiya na zo magana ba, da abokin ɗakinsa na zo. Ɗakin likitar nan bai fi tafiyar minti biyar daga namu ba. Shekara da shekaru ke nan, kuma duk Laraba sai na tuna ban taka masa ba.